ARQ, FEC ko HARQ: Wace Hanya ce Ta Dace da Layin Rediyonka?

Wanda ya ɗora na'urar awo a kan tankin rijiyar burtsatse, da wanda ya haɗa layin rediyo tsakanin gine-gine biyu, da ɗalibin injiniya mai fama da aikin kammala karatu, duk matsalarsu ɗaya. A kan tebur komai lafiya lau. Da zarar an kai na'urar inda za ta zauna, sai saƙo ya fara zuwa da giɓi: wani ya iso a lalace, wani ko ƙeyarsa ba za a gani ba.

Magani uku ake da shi. Na farko ARQ: mai karɓa ya duba saƙo, in ya iso lafiya ya amsa "na samu", in mai aikawa bai ji amsa ba ya sake turawa. Na biyu FEC: tun kafin saƙo ya tashi a ƙara masa wasu bit (ƙwayoyin 0 da 1 da ake rubuta saƙo da su), waɗanda mai karɓa zai yi lissafi da su ya gyara abin da ya lalace ba tare da ya tambayi kowa ba. Hausa ta ma hutar da mu neman suna a nan, don abin da mai awo ke ɗora maka a kan mudu sunansa gyara, waɗannan bit ɗin kuwa ƙari ne, aikinsu kuma gyara. Na uku HARQ, auren biyun, wanda wayarka ke yi ba dare ba rana muddin tana kan 4G.

Ko wacce ka ɗauka, sai ka sa CRC a gindin kowane fakiti, wato ƙunshin saƙon da rediyo ke aikawa a karo ɗaya. CRC ɗan lissafi ne da ke tona asirin fakitin da ya lalace. Kada ka yi rowa a wurinsa. CRC mai bit 8 yakan bar wajen ɗaya cikin 256 na fakitocin da suka dagule su wuce a matsayin lafiyayyu, mai bit 16 kuwa ɗaya cikin 65,536. Layin da ke lalata fakiti 1,000 a rana zai shigo maka da ƙarya wajen huɗu kullum in CRC ɗinka mai bit 8 ne.

Ma'aunan da za a bi

Tambaya ta farko, akwai hanyar dawowa? Kuma in akwai, amsa takan ɗauki tsawon wane lokaci? Tsakanin rediyo biyu a gona ɗaya, zuwa da dawowa bai kai milisakan ɗaya ba. Ta tauraron ɗan'adam mai tsaye a nisan kilomita 35,786, ya haura milisakan 500.

Ta biyu, saƙon da ya makara yana da sauran amfani? Karatun mitar ruwa da ya iso bayan minti goma bai rage komai ba. Muryar da ta makara da rabin daƙiƙa shara ce. Ƙa'idar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta fi son jinkirin murya kada ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne.

Ta uku, kuɗi, kuma kuɗi a nan kala uku ne: farashin na'ura, lokacin da rediyo ke ɗauka yana magana, da abin da hakan ke ci a batir. Sai sauƙin haɗawa, sai juriya idan yanayi ya sauya, sai irin faɗuwar da kowace hanya ke yi ranar da abin ya fi ƙarfinta.

Ma'aunin da ya fi duka nauyi shi ne siffar kuskuren, kuma shi ba a sanin sa daga zaune. Kai na'urorin wurin aikin, ka aika fakiti 1,000 masu lamba a jere. Yi da safe, yi da tsakar rana, yi lokacin da janareto ko injin walda na maƙwabta ke aiki. Ka raba sakamakon gida uku: waɗanda suka iso lafiya, waɗanda suka iso a lalace, da waɗanda ba su iso ba sam. Ka kuma duba ko ɓatan a warwatse yake ko a dunƙule, misali lamba 412 zuwa 447 duk babu. Gyaran da ke cikin fakiti ba zai ceci fakitin da rediyo bai ma ji shigowarsa ba, kuma sake aikawa nan take ba zai tsallake katsalandan ɗin da ke ɗaukar daƙiƙa biyar ba.

Tsawon fakiti ma yana da hannu dumu-dumu. In p ne yiwuwar lalacewar bit ɗaya, n kuma yawan bit, yiwuwar lalacewar fakiti ita ce 1 − (1 − p)^n. A layin da bit ɗaya cikin 10,000 ke lalacewa, fakiti mai bayit 32 (kowane bayit bit 8 ne) zai lalace sau 2.5 cikin ɗari, amma mai bayit 1,500 sau 70 cikin ɗari. Layi ɗaya, eriya ɗaya. In layin ya ƙara muni zuwa bit ɗaya cikin 1,000, ƙaramin fakitin zai lalace wajen sau 23 cikin ɗari, babban kuwa kusan ba zai taɓa isa ba.

ARQ: aika, saurara, sake

Iri uku ne. Mafi sauƙi shi ne tsaya-ka-jira: fakiti ɗaya, amsa ɗaya, sannan na gaba. Na biyu koma-baya: ka yi ta aikawa har iyakar taga, wato adadin fakitin da aka yarda su tafi kafin amsa ta zo, in na 5 ya ɓace ka dawo ka sake daga 5 har da 6 da 7 da suka isa lafiya. Na uku zaɓi-ka-sake: na 5 kaɗai za a sake, amma dole mai karɓa ya sami wurin ajiye 6 da 7 har 5 ya iso, kuma faɗin taga kada ya wuce rabin adadin lambobin jeri, in ba haka ba tsohon fakiti zai shigo da rigar sabo.

Ta fuskar farashi babu mai kama ƙafar ARQ, don ƙananan rediyo da yawa sun zo da shi a ciki. Ɗauki nRF24L01+, mai aiki a 2.4 GHz, wanda fakitinsa bai wuce bayit 32 ba. Shi da kansa yake amsawa, shi yake sakewa. Kai kawai za ka saita abu biyu: sau nawa zai sake, daga 0 zuwa 15, da tsawon jira tsakanin sakewa, daga maikurosakan 250 zuwa 4,000. Daga masana'anta yakan zo a kan sakewa 3 da jira 250. Wi-Fi ma haka yake yi a ƙarƙashin ƙasa, yawanci har sau 7 kafin ya haƙura da fakiti.

Kyawun ARQ shi ne ba ka biya sai an yi ɓarna. In kashi 2.5 ke lalacewa, ƙarin aikin kashi 2.6 ne kacal, kuma gwaji huɗu za su mayar da ɓatan ƙasa da ɗaya cikin miliyan biyu. Amma in P ne yiwuwar lalacewar fakiti, matsakaicin adadin aikawa shi ne 1/(1 − P), don haka a kashi 50 komai sai an aika shi sau biyu, a kashi 70 sau uku da ɗoriya, a kashi 90 sau goma. Yana farawa da araha ya ƙare da cinye batir. Kuma lissafin gwaji huɗun nan ya dogara ne a kan cewa kowane gwaji da sa'arsa, abin da ba ya tabbata in kuskuren a dunƙule yake.

Ga inda aka fi tuntuɓe. A nRF24L01+, sakewa 15 da jira mafi tsawo duka-duka wajen milisakan 60 ne. Katsalandan ɗin da ya fi haka tsawo zai haɗiye su gaba ɗaya, sai rediyon ya ɗaga tutar MAX_RT, alamar cewa gwajinsa ya ƙare, ya tsaya cik, fakitin na nan zaune a layin fita. In manhajarka ba ta sauke tutar ba, ba zai ƙara aika komai ba, kai kuma ka ɗauka ya ƙone. In ka sauko da gudu zuwa 250 kbps don samun nisa, jiran 250 ya yi kaɗan, amsa ba za ta gama isowa ba. Ka ɗaga shi zuwa 500 ko fiye. In na'urori biyu suna da jira iri ɗaya suka yi karo sau ɗaya, za su yi ta karo har su ƙare gwajinsu, kamar mutum biyu da suka haɗu a ƙofar zaure kowa na kauce wa ɗan'uwansa gefe ɗaya. Ba kowace na'ura nata jiran daban. Sannan da yawa daga abin da ake ɗora wa iska laifin wuta ne: rediyon yakan fizgi wuta lokacin aikawa, in layin 3.3 V ya yi rauni sai ya yi tangal-tangal. Kafasita mai 10 µF a jikin ƙafafun wutarsa takan kashe rabin ƙorafin.

Hatsari mafi girma kuwa ba ɓatan saƙo ba ne, ɓatan amsa ne. Saƙo ya isa, an aiwatar, amsar ta faɗi a hanya, mai aikawa ya sake. Yanzu an karɓa sau biyu. In umarnin "juya makunnin famfo" ne, na farko ya kunna, na biyu ya kashe, allonka kuma yana nuna maka famfo na aiki. Shi ya sa ake rubuta umarni a matsayin "famfo ya kasance a kunne", wanda ko sau goma ya iso ma'anarsa ɗaya. Haka mitar ruwa ko ta mai: ta aiko da jimillar lita tun farko, kada ta aiko da ƙarin da aka samu tun saƙon baya. Rediyon yana da 'yar lambar jeri mai bit 2 da ke kama maimaicin da shi ya yi, amma ba ruwansa da wanda manhajarka ta yi daga sama, don haka ka sa taka lambar.

Nisa kuma yakan karya tsaya-ka-jira. Ta tauraron ɗan'adam, fakiti mai bayit 1,500 a kowane milisakan 550 bai fi 22 kbps ba, ko da layin na iya ɗaukar 10 Mbps. Kafin ka cika irin wannan layi sai fakiti wajen 460 suna kan hanya a lokaci guda, wato sai zaɓi-ka-sake da babbar ma'ajiya.

A LoRaWAN, tsarin da ke haɗa ƙananan na'urori da yawa da tashar tattarawa ta rediyon LoRa mai kaiwa nesa, akwai wani haraji na daban. Tashar tattarawa galibi ba ta ji yayin da take magana, don haka duk amsar da ta ba na'ura ɗaya kurumta ce ga sauran. Tsarin 868 MHz ya gaji ƙa'idar Turai ta kashi 1 cikin ɗari na lokacin magana a yawancin tashoshinsa: wanda ya yi magana daƙiƙa 1.3 sai ya yi shiru sama da minti biyu. The Things Network, wata hanyar LoRaWAN ta jama'a, ita ma ta ƙayyade wa kowace na'ura saƙon dawowa 10 a rana a hanyarta ta kyauta. Na'ura ɗari da kowacce ke neman "na samu" a kan kowane saƙo za su shaƙe tasharsu da kansu. Game da zango da ƙarfin da aka yarda, sai a duba ƙa'idar hukumar sadarwa, wato NCC a Najeriya, ko ARCEP a Nijar.

FEC: biya tun farko

Tarihinsa gajere ne a faɗa. Richard Hamming ya fito da nasa tsarin gyaran a 1950, Reed da Solomon a 1960, Robert Gallager ya kawo LDPC a farkon shekarun 1960 aka yi watsi da shi kusan shekara talatin don kwamfutocin lokacin ba za su iya ba, turbo ya zo a 1993, polar na Erdal Arıkan a 2009. Ga mai ƙaramin aiki, uku ne ke hannu.

Hamming(7,4) yana ƙara bit 3 a kan kowane 4, ya gyara kuskure ɗaya a cikin bakwai ɗin. Lissafinsa ko Arduino Uno, ɗan ƙaramin allon kwamfuta, ba zai ji shi ba, amma ƙarin kashi 75 ne, kuma in bit biyu suka lalace a rukuni ɗaya zai "gyara" wanda ba shi ne ba, ya ƙara ɓarna. Reed-Solomon da bayit yake aiki, ba bit ba. Sanannen RS(255,223) yana ƙara bayit 32 a kan 223, kashi 14 ke nan, ya gyara kowane bayit 16 da suka lalace, ko da duk bit takwas na kowannensu sun juye. Shi ya sa ya fi dacewa da kuskure mai zuwa a dunƙule, kuma shi ne ke sa lambar QR ta karantu ko da gefenta ya goge. Ana gajarta shi: bayit 24 na saƙo da 8 na gyara sun cika fakitin nRF24, kuma za su gyara bayit 4. Na uku shi ne tsarin sarƙa mai rabi-da-rabi da ake warwarewa da dabarar Viterbi ta 1967. Yana ninka tsawon saƙo, amma mai ƙarfinsa yakan ba da ribar wajen desibel 5 (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne), alhali ninka ƙarfin rediyo desibel 3 kawai yake bayarwa. Rediyon CC1101 yana da ƙaramin irinsa a ciki, sai dai ba ya aiki sai fakiti mai tsayayyen tsawo.

Abokin tafiyar FEC shi ne saƙa. Ka jera bit a layi-layi kamar zaren tsaye, ka aika su ta gicciye. In tartsatsin babur ko na inbata ya goge bit 8 a jere a iska, bayan an warware saƙar sai su watsu ɗaya-ɗaya a rukuni takwas, kowane rukuni ya gyara nasa. Hamming ba tare da saƙa ba, a unguwar da ke da masu walda, ɓata lokaci ne.

Kuɗin FEC tsayayye ne, kana biya ko iska ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ga lissafi da LoRa, saƙo mai bayit 20 a faɗin 125 kHz. A SF7, saitin LoRa mai sauri, matakin gyara na 4/5 (bit 5 a madadin kowane 4) yana ɗaukar wajen milisakan 57, matakin 4/8 kuwa 78. A SF12, saitin da ya fi jinkiri amma ya fi kaiwa nesa, daƙiƙa 1.32 ne da 1.71. Rediyon LoRa na SX1276 a cikakken ƙarfinsa na +20 dBm yana jan wajen 120 mA, don haka wannan ƙarin kashi 30 na SF12 kai tsaye daga batir yake fita, a kowane saƙo, har abada. Kwatanta da ARQ: kafin sake aikawa ya ci ƙarin kashi 30, sai ɓata ya kai wajen kashi 23. In awonka ya nuna kashi 5 ke lalacewa, hawa 4/8 asara ce. A sani kuma, 4/5 da 4/6 gano kuskure suka fi iyawa. Gyara na sosai daga 4/7 yake farawa.

Haɗa saƙo da gyara abu ne mai sauƙi, warware shi ne aiki. Wannan ya yi wa masu na'urorin awo daɗi: ƙaramar na'urar da ke daji ita ke haɗawa, kwamfutar da ke ofis a kan sola ita ke warwarewa. In dole sai Uno ya warware Reed-Solomon, ka tuna ma'ajiyar aikinsa 2 KB ce kawai, teburan lissafin kuma za su ci wajen rabin KB, don haka a ajiye su a ma'ajiyar manhaja. A allon ESP32, wanda ya fi Uno ma'ajiya, wannan ba abin damuwa ba ne.

Yadda FEC ke faɗuwa kowa ya taɓa gani. Hadari ya haɗo, kana kallon ƙwallo ta dish, hoto tas kamar ba abin da ke faruwa. Sai ya ɗan daskare, ya farfashe gida-gida, sai ɗif. Siginar ta jima tana raguwa, tsare-tsaren gyara na LDPC da BCH da ke cikin DVB-S2, ƙa'idar talabijin ta dish, suna ta rufa mata asiri, har ɓarnar ta haura abin da za su iya. Babu gargaɗi, babu gangara, rami ne kawai. Kuma mai aikawa bai san an yi ba, don ba wanda ke gaya masa. Saboda haka in ka sa FEC, ka sa manhajarka ta riƙa ƙirga bayit nawa take gyarawa a kowane fakiti. Ranar da ka ga mai iya gyara 4 yana gyara 3 a kai a kai, ka san kana bakin ramin. CRC kuma a lissafa shi kafin a sa gyara, a duba shi bayan an warware.

Akwai wani nau'in da ya kamata a fi saninsa: gyara a matakin fakiti. Ka raba fayil gida 10, ka ƙera ƙarin fakiti 3, ka aika 13. Kowane 10 suka isa sun wadatar. Wannan shi ne maganin fakitin da ba ya isowa sam, kuma da irinsa LoRaWAN ke raba sabuwar manhaja ga na'urori da yawa a lokaci guda, inda kowacce ta rasa gutsure daban.

HARQ: kada a zubar da abin da ya lalace

ARQ na gargajiya in fakiti ya lalace zubar da shi yake yi, alhali wataƙila kashi 99 na cikinsa daidai ne. HARQ ajiye shi yake yi. Ba ma bit ɗin kawai ba, har da gwargwadon tabbacin da rediyo ke da shi a kan kowanne: wannan lalle 1 ne, wancan ya fi kama da 0 amma da shakka. In kwafi na biyu ya iso sai a haɗa su. In kwafin iri ɗaya ne, ribar takan kai desibel 3. In kuwa na biyun sabbin bit na gyara ya ƙunsa, ribar takan fi haka, don kowace sakewa ƙara wa tsarin gyaran ƙarfi take yi.

A LTE, wato 4G, mai zango biyu (ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa), amsa takan dawo bayan milisakan 4, a sake aikawa a na 8, kuma layuka 8 na tsaya-ka-jira ke gudana kafaɗa da kafaɗa don kada iska ta zauna banza. Tsarin gyaran turbo ne, wanda kashi ɗaya cikin uku na bit ɗinsa ne ainihin saƙo, da siga 4 na sakewa. 5G ta koma LDPC don bayanai, polar don saƙonnin sarrafawa, layukan kuma har 16. Abin da zai ba ka mamaki, da gangan ake saita gudu yadda wajen kashi 10 na aikawar farko za su faɗi. In babu mai faɗuwa, alama ce ana tafiya a hankali fiye da yadda layin zai iya.

A juriya da cin moriyar iska babu kamarsa. Matsalar ita ce ba ka haɗa shi da kanka, saya ake yi. nRF24 da SX1276 bayit gamammu suke miƙo maka, ba sa ba ka awon tabbaci. In kana son HARQ na gaske sai modem na 4G irin su SIM7600 ko Quectel EC25, da layin waya, da kuɗin data wata-wata, da wuta mai ƙarfi. Ba abin da za ka bari a kan ƙaramin batir shekara guda ba ne. SIM800L mai araha 2G ne, ba shi da wannan tsarin na LTE, ga shi yana fizgar har 2 A lokacin aikawa. Sannan ka jingina da turken sadarwa na kamfanin waya. HARQ ba ya maganin turken da man janaretonsa ya ƙare, balle irin rufe layukan waya da aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021. Dole na'urarka ta iya ajiye karatunta a katin ajiya har layi ya dawo.

Akwai na talaka, kuma shi ne ya fi dacewa da yawancin ƙananan ayyuka: ɗan FEC mara nauyi, CRC a ciki, sakewa biyu ko uku a sama. A LoRa za ka iya ƙarawa da dabara ɗaya, tunda SX1276 yakan bar ka ka karanta fakitin da CRC ɗinsa ya faɗi: in kwafi uku suka iso duk a lalace, ka yi musu ƙuri'a bit bayan bit, biyu su rinjayi ɗaya, ka sake duba CRC. A nRF24 mai amsa da kansa ba za ka samu wannan ba, shi yake zubar da lalataccen kafin ka gani.

| Ma'auni | ARQ | FEC | HARQ na 4G/5G |
|---|---|---|---|
| Hanyar dawowa | Dole | Ba a buƙata | Dole, mai sauri |
| Farashin na'ura | Mafi araha | Araha, sai aikin manhaja | Mafi tsada, ga kuɗin data |
| Ƙarin lokacin iska | Gwargwadon ɓarna | Tsayayye, kashi 14 zuwa 100 | Yana bin yanayi |
| Jinkiri | Ba tabbas | Tsayayye | Milisakan 8 a kowace sakewa a LTE |
| Kuskure a warwatse | Da kyau in kaɗan ne | Da kyau ƙwarai | Da kyau ƙwarai |
| Fakiti ya ɓace ɗungum | Yana magani | Sai na matakin fakiti | Yana magani |
| Aikawa ga jama'a da yawa | Bai dace ba | Shi ne gwani | Bai dace ba |
| Sauƙin haɗawa | Sauƙi | Matsakaici | Sauƙi, modem ya gama |
| Irin faɗuwarsa | Maimaici, cunkoso, cin batir | Yankewa ba gargaɗi | Ɗaukewar layin kamfani |

Kafin duk wannan, ka ɗaga eriya. A 868 MHz, layi mai kilomita 2 yana son sarari mai faɗin wajen mita 8 ƙasa da layin gani a tsakiyar hanya. Eriyar da ke kan sandar mita 3 tana harba wani kaso na ƙarfinta cikin ƙasa da itatuwan darbejiya, kuma babu lissafin da zai dawo da abin da ƙarfe mai mita shida zai ba ka a banza.

Wa ya dace da wanne

Na'urar awo mai batir da ke aiko da zurfin ruwa ko ɗanyantakar ƙasa kowane minti 15: kada ka nemi amsa a kan kowane saƙo. Sa karatu biyu na baya a cikin kowane sabon fakiti, bayit kaɗan ne, kuma ɓatan fakiti biyu a jere ba zai bar giɓi ba. Bar LoRa a 4/5, ka nemi amsa sau ɗaya ko biyu a rana don na'urar ta san har yanzu ana jin ta.

Na'urori a gida ɗaya ko shago ɗaya, mita hamsin zuwa ɗari: nRF24 da sakewarsa ta ciki, CRC mai bayit 2, jira daban-daban, sai manhaja ta ƙara gwaji biyu bayan daƙiƙa ɗaya zuwa uku da aka zaɓa da ka. Kada ka tara sakewa a kowane hawa. Sau 16 na rediyo a ninka da 5 na manhaja aikawa 80 ke nan a kan saƙo ɗaya, kuma a lokacin da iska ta fi cunkushewa za su fito.

Murya, bidiyon kai tsaye, sarrafa jirgi mara matuƙi: FEC da saƙa gajera, abin da ya ɓace a bar shi ya tafi. Saƙa mai tsawo ita ma jinkiri ce, don sai an cika ta ake warwarewa.

Fayil ko sabuwar manhaja zuwa na'ura ɗaya: zaɓi-ka-sake, da CRC mai bit 32 a kan fayil ɗin gaba ɗaya kafin a girka. Zuwa na'urori da yawa, ko ta tauraron ɗan'adam: gyara a matakin fakiti, sannan wanda bai cika ba ya nemi ragowar.

Na'urar POS, kyamarar tsaro, ko abin da ke yawo a mota cikin gari: modem na 4G, a bar wa HARQ aikin iska. Amma "na samu" ɗin modem na nufin turke ya ji ne kawai, don haka cinikin kuɗi yana buƙatar lambarsa ta musamman da amsa daga uwar kwamfutar kanta.

Umarnin kunna famfo, buɗe ƙofar ruwa ko kashe injin: fakiti gajere, FEC mafi ƙarfi da rediyon ke da shi tunda saƙon ba kullum ba ne, lambar jeri, da amsar da ke faɗin halin da injin yake ciki bayan umarnin, ba isowar saƙo kawai ba. Na'urar da ke jikin famfon kuma a ba ta wa'adi nata: in ta yi minti 30 ba ta ji uwar tasha ba, ta kashe famfon da kanta.